Randar da Ta Lanƙwasa Titi

Jikata Rakiya ce ta tono mini wannan zance. Ta dawo daga aiki a kan mobilet ɗinta, ɗan babur ɗin nan, ta jingine shi a zaure tana ƙunƙuni, rabi Hausa rabi Faransanci, irin maganar 'yan yanzu da sai ka tara kunne biyu kafin ka kama ɗaya. Wai wani mai taksi ne ya kusa ture ta a kwanar nan ta gaban gidanmu.

"Kaka, wallahi wanda ya zana gudron ɗin nan bai je lakwal ba," in ji ta, tana nufin titin kwalta da makaranta. "Duk titunan unguwa a miƙe suke sambal, namu ne kaɗai ya karkace."

Na ce, "Ke, kama bakinki. Wadda ta zana shi ba ta je lakwal ba kam, amma kakar uwarki ce."

Ta yi dariya ta shige ciki, ta ɗauka tsokana ce irin ta kaka da jika. Ni kuwa na zauna a kan tabarmata ina kallon motoci suna shan kwanar ɗaya bayan ɗaya, kowane direba da tsakinsa, dariya na cina ni kaɗai. Da na tsaya ba ta labarin, da waya a kunnenta za ta saurare ni. To bari in ba wa wanda ke da lokaci.

Ni a Zango aka haife ni, Zangon Wagadugu, wanda Mosawa ke ce wa Zanguwetin, wato wurin Hausawa. Wanda bai san shi ba a da, ba zai ƙara saninsa ba, don yanzu babu shi. Lunguna ne matsattsu, gida jingine da gida, in maƙwabciya ta soya albasa kai ma idonka sai ya yi ruwa. Da asuba ladanai kan ɗauko kira kamar suna gasa, wannan bai sauke ba wancan ya ɗauka, can kuma jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha, sai ƙarar taɓarya ta tashi gida-gida. In rana ta ɗaga sai ka ji komai a haɗe: karatun allo, mahauta na wasa wuƙa, kekunan tela, masu goro na kwance huhu suna yayyafa masa ruwa suna rantse-rantse a kan farashi. Ka ji Hausa, ka ji Mosanci, ka ji Fillanci da Yarbanci a lungu guda, kuma kowa ya fahimci zagin kowa. Yanzu ina zaune cikin gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, maƙwabcina na hagu sai a wurin suna ko jana'iza nake ganin fuskarsa. Ban ce ba daɗi ba. Akwai wuta, akwai fanka, ba a bin layin bayan gida. Amma a Zango ba ka yin atishawa ka rasa mai ce maka yarhamukallah.

Baba mai masauki ne. Fatake daga Nijar da Gana a zaurenmu suke sauka, masu goro, masu kanwa, masu shanu, shi ke nemo musu masu saye, Inna ke ciyar da su. A ƙofar zauren nan kuwa, ta waje, akwai randa. Babba ce, baƙa, mai faɗin ciki, an kafa ta cikin yashi, da faifai a bakinta da moɗa a kai. Tun ina 'yar ƙarama, da na iya ɗaukar tulu ban fasa ba, aka ce randa tawa ce. Kullum da safe in kwashe na jiya in zuba wa bishiyar ƙofar gida, in wanke cikinta da soso har hannuna ya kai ƙasa, in yi ta safa da marwa zuwa famfo har ta cika, in jiƙa yashin, Inna ta jefa ɗan kajiji don ƙamshi. Na tsani aikin nan, ba zan ɓoye ba. Ƙawayena na wasan gaɗa ni ina fama da tulu, wuyana kamar zai tsinke. In na yi mita Inna ta ce, "Yi ta yi, ladan naki ne, ciwon wuyan ma naki ne."

Kowa na sha. Mai turin kura ya sha, mahauci ya sha da jini a rigarsa, 'yan lakwal su sha su watsa wa juna, ɗan sanda ya sha, mahaukacin unguwarmu ya sha ya yi wa randar godiya ya wuce. Ba mai sallama, ba mai neman izini, ba mai tsayawa a kai. Randa ce a bakin hanya, kowa ya san abin da take nufi. Inna kuwa ko leƙowa ba ta yi. Tana ciki tana tuƙa tuwo, amma kunnenta na ƙofa. Duk lokacin da moɗa ta bugi bakin randa ta yi ƙwal, sai ka ga fuskarta ta saki. Takan ce, "Gidan da ba a shan ruwansa kango ne, ko da an yi masa fenti." Ina yarinya na ɗauka magana ce kawai irin ta manya.

Haka na girma, na yi aure cikin Zangon, na haifi nawa, na aurar da su. Baba ya rasu, maigidana ma ya bi shi, na dawo wurin Inna ina suyar masa a ƙofar gida. Fatake sun ragu, don manyan motoci sun zo, kowa ya koma kwana a tasha. Zaure ya zama wurin ajiye buhunan gawayi. Amma randa na nan, kuma moɗa ba ta daina ƙwal ba.

Sai maganar rusau ta taso. Da farko jita-jita ce, muka ce unguwar da kakanni suka kafa wa zai taɓa ta. Da muka ga an shafa jan fenti a bangayen Kuluba, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, muka tuna da gemun ɗan'uwa da ya kama wuta. An yi taro, an yi addu'a, an yi kuka, an yi fushi, amma katafila ba ta jin Hausa. Ba na son tsayawa a nan, don har yau in na wuce wurin na ga dogayen benaye inda ɗakin haihuwata yake, sai in kawar da kai. Mutane suka watse. Wasu suka bi inda hukuma ta nuna, wasu suka koma wurin dangi. Yayana Hamidu, tela ne, ya ce shi ya samo mana fili mai faɗi a wani ƙauye can bayan unguwar Pisi, wurin wani abokin cinikinsa. Ya sa aka yi mana ɗaki biyu na laka da ɗan zagaye. Shi da iyalinsa suka kama haya kusa da kasuwa saboda aikinsa, da alkawarin zai biyo mu in wuri ya yi mutane.

Ranar tashi Inna ba ta kula da gado ba, ba ta kula da kwalla ba. Randa ta ce. A amalanken jaki aka ɗora ta, Inna ta hau ta rungume ta, ta ƙi yarda a ɗaure da igiya. Haka muka ratsa gari, muka wuce ramin Pisi inda mata ke fasa dutse cikin hayaƙin taya, ƙarar gudumarsu na bin mu har muka fita. Mai jaki ya yi ta satar kallon tsohuwa da randarta, ni kuma ina harararsa.

Wanda ya ga wurin nan yau ba zai yarda da ni ba. Inda kantin magani yake, gonar dawa ce. Inda ake sayar da wayoyi, suri ne. Ƙasa ja ce mai tsakuwa, ga duwatsu baƙaƙe sun ɓullo nan da can kamar bayan shanu a kwance, ta kudu kuma akwai kwari wanda da rani yashi ne, da damina ya cika ya hana kowa wucewa. Ƙauyen Mosawa na can gefe, gidaje jefi-jefi, kowane da rumbunsa da gonarsa kewaye da shi. Da dare ba ka jin komai sai kwaɗi. Ni da aka haifa cikin hayaniya, shirun nan har ciwon kai ya sa mini. Ruwa kuwa sai a famfon tuƙa-tuƙa na ƙauye, da nisa, ko ka jira mai jaki da barik, wato gangar ruwa.

Ƙofar gidanmu ba ta kallon hanya, gona take kallo. Hanyar tana ɗan gaba kaɗan, inda sawu biyu suka haɗu a gindin wata kaɗanya, ɗaya daga ƙauye, ɗaya daga kwari, suka zama ɗaya suka nufi birni. Nan matan ƙauye ke bi da safe, masu zuwa fasa dutse da masu kai ganye kasuwa. Inna ta duba ta ce, "Randa inda ƙafa take ake kafa ta." Muka kai ta gindin kaɗanyar, muka zuba yashi, muka kafa. Saboda ganye da kashin tsuntsu, Inna ta yago farin ƙyalle ta rufe bakin, ta ɗora faifai.

Washegari Yaya Hamidu ya zo da wani malami, tsohon maƙwabcinmu na Zango, don a yi addu'ar shiga sabon gida. Ɗakunan sun yi zafi, inuwa ɗaya ce a wurin, ita ce ta kaɗanya. Nan aka shimfiɗa buzu, malam ya yi karatu mai tsawo, ya tofa gabas da yamma. Yaya ya zo da zakara na sadaka, fari ne ya samu a kasuwa, nan gefen randa aka yanka shi, nan na fige shi, iska ta watsa gashin. Muka ci, muka sha, suka tafi. Mun ga mutane tsaye daga nesa suna kallo, muka ɗaga musu hannu, muka ce ai baƙi dole a kalle su.

Daga ranar Inna ta karɓe aikin randa da kanta, ni dai in kawo ruwa. Da sassafe ta fita da carbinta a hannu, bakinta na motsi da lazimi, ta kwashe ruwan jiya ta zuba a gindin kaɗanya don kada ya tafi a banza, ta cika sabo, ta rufe da farin ƙyalle, ta dawo ɗaki ta zauna ta kasa kunne.

Shiru. Moɗa ba ta yi ƙwal ba. Rana ta fito ta faɗi, mako ya shige, wata ya kama, ruwa yadda aka zuba shi haka ake kwashe shi. Abin bai tsaya nan ba. Sai na lura matan nan in sun doso kaɗanya sukan ratse, su shiga cikin gonar da ke gefe, su yi baka, sai sun wuce sannan su dawo kan hanya. Yaro in ya nufi wajen, uwarsa ta fizgo shi har sai ya yi ƙara. Masu keke ma haka, masu jaki ma haka. In na gaishe su da Mosanci, wanda na iya tun ina goye, su amsa da ladabi fiye da kima, su ƙara sauri. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa Inna, "Ƙyamarmu suke yi. Ruwan Bahaushe ne ba sa so." Na rantse ba zan ƙara gaishe su ba, kuma ni in na yi fushi unguwa kan sani.

Inna ba ta yi fushi ba, ita ramewa ta yi. Matar da ke tashe ni da faɗa ta koma ba ta magana. Tuwo ta taɓa loma biyu ta ture. Rusau bai karya ta ba, na ga wannan da idona, amma shirun moɗar nan ya karya ta. Wata safiya, damina ta fara nisa, Yaya ya zo duba mu, ta sa muka zauna gabanta.

"Hamidu, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Amma nan ba gida ba ne. Kango ne. In an yi kaka hanya ta bushe, ka sa ni a motar Ƙonni. Ƙanena na can, in mutu inda ake shan ruwan mutane."

Yaya ya ce, "Haba Inna, saboda randa?"

Ta ce, "Saboda randa."

Inna tun tana 'yar ƙarama aka zo da ita Wagadugu daga Nijar, Ƙonni a bakin mutane kawai ta san ta. Kuma a shekarunta, da tsawon hanyar nan, mun san in ta tafi sai dai mu ji saƙo. Yaya ya roƙa, na yi kuka, na yi masifa, na ce ni zan riƙa shan ruwan har in fashe. Ta ce ruwan gida ba ya zama sadaka don 'yar gida ta sha. Ranar ta ƙulle kayanta cikin zane ta ajiye a bakin gado. Kullum na shiga ɗakin sai na yi ido huɗu da ƙullin nan. Na rasa uba, na rasa miji, na rasa unguwa, yanzu kuma uwa za ta tafi a kan ruwan da ba a sha ba.

Ana nan, dawa ta fara fitar da kai, wata rana da hantsi na ji ana ƙwala kira daga waje. Na fito na ga wata mata, gajeriya, kakkaura, da fartanya a kafaɗa, ta tsaya can nesa da gidan, nesa da kaɗanya kuma, tana zuba faɗa da Mosanci. Daga baya na san sunanta Poko, mijinta ya rasu, kuma gonar gyaɗar da mutane suka mayar hanya tata ce. Bayanta, can nesa, mata sun taru suna leƙe.

"Ke 'yar Zango!" in ji ta. "Me muka yi muku? Naba, sarkin ƙauyenmu, ya yarda aka ba ku wuri, ba mu ce komai ba. Ku zo ku kwashe abinku! Gyaɗata ta mutu, an tattake ta, rabin gona ya zama titi. Da me zan ciyar da yara?"

To ni ma dama a cike nake. Na ɗaura ɗankwali a ƙugu na ce, "Mu muka aike su gonarki? Ga hanya nan Allah ya shimfiɗa, kun ƙi bi. In ƙazanta kuka gani a jikinmu ku faɗa!"

"Wa zai bi? Wa ke son ya mutu?"

"Mutuwar me?"

"Au, tambayata ma kike yi?" Ta ajiye fartanya ta fara lissafa mini da yatsu. "Kun kafa tukunya a mararraba. A gindin itace. Kun kawo mai rawani ya yi mata magana. Kun yanka mata farin zakara, jini da gashi duk mun gani. Kun rufe ta da farin ƙyalle. Kullum da safe tsohuwarku na zuwa tana yi mata raɗa tana zuba wa itacen ruwa. Mu yara ne? Kakana ma da ya yi irin wannan, akuya ba ta bi ta wurin ba sai da aka shekara!"

Na juya na kalli kaɗanya, na kalli randa da farin ƙyallenta, ga ma sauran gashin zakara maƙale a ƙaya. Wallahi ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. A ƙasar Mosawa aka haife ni, na iya harshensu har da habaicinsu, amma Mosawan birni na sani, waɗanda muke layin famfo tare. Ban taɓa kwana a ƙauye ba. Ashe tsafi muka kafa wa mutane a kan hanya, muna zaune muna jira su zo su sha! Dariya ta kama ni, irin wadda ke sa mutum ya durƙusa. Na yi ta yi har hawaye, Poko na kallona, ta ƙara ja da baya, don a ganinta abin ne ya fara aiki a kaina.

Da ƙyar na ce, "Baiwar Allah, ruwa ne. Ruwan sha. Sadaka ce don masu wucewa."

"Ruwa?" Ta taɓe baki. "Wane ne ke barin ruwa shi kaɗai a daji ya jira baƙo? Ruwa hannu ke miƙa shi. Mai shi ya kurɓa tukuna, sannan ya ba ka. In ruwa ne, sha mu gani."

Na nufi randa. Ta ce, "A'a, ba ke ba. Mai yi mata magana."

Ashe Inna na bakin ƙofa, duk ta ji. Ta fito a hankali tana dogara sanda, ta rame har zane na neman faɗuwa, ta wuce ni ta nufi randa. Ta ɗaga faifai, ta yaye farin ƙyallen ta yar, ta tsoma moɗa. Ƙwal. Ta ce bismillah ta kurɓa, ta haɗiye, sannan ta miƙa hannu wajen Poko, da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babban baƙo.

Ban taɓa ganin tafiya mai tsawo kamar 'yan takun nan da Poko ta yi ba. Matan da ke baya suna kiran sunanta, wata har ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa na san abin da ke cikin moɗar nan ya fi ruwa. In matar nan ta juya, Inna ta tafi Ƙonni. Poko ta iso, ta kalli cikin randa, ta kalli idon Inna, ta ɗan rusuna ta karɓa. Ta shinshina. Ta kurɓa kaɗan ta tsaya tana jira ko za ta faɗi. Da ta ga ba ta faɗi ba, ta kafa kai ta shanye tas, har yana zuba a haɓarta.

"Kai, Yaba, da sanyi!" in ji ta, wato kaka da harshensu. "Me kuka sa masa yake ƙamshi haka? Ƙaro."

Inna ta ƙaro, ta sake kurɓa, ta miƙa. Poko ta shanye, ta goge baki, ta ce ruwan ya yi, sai dai a wurinsu baƙo da garin gero ake dama masa, Hausawa dai akwai rowa. Inna ta yi dariya. Rabon da in ji dariyar nan tun muna Zango.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Washegari Inna ta cika randa ta koma ɗaki ta kasa kunne kamar yadda ta saba. Shiru. Mata suka zo suka tsaya nesa suna kallo, suka bi ta gona suka wuce. Da yamma Poko ta leƙo ta ce, "Yaba, na faɗa miki, ruwa ba ya ba da kansa." Sai Inna, matar da ta yi rayuwarta duka a cikin gida tana sauraron moɗa daga nesa, ta sa na kai mata tabarma gindin kaɗanya. Ta zauna. Duk wanda ya zo ta kurɓa ta miƙa masa. Masu fasa dutse su dawo da yamma fari fat da ƙura, su yi layi. Masu jaki su tsaya. Yara su sha su dawo don su ga tsohuwa ta sake kurɓa. Na ce, "Inna, wannan kurɓe-kurɓen zai kashe ki." Ta ce, "Ke dai kawo ruwa." Ta koma cin tuwo, ta koma yi mini faɗa, har na fara tunanin ko shirun ya fi.

Amma ƙullin kaya na nan a bakin gado, ba ta kwance ba, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya. Aka yi kaka, hanya ta bushe. Yaya Hamidu ya zo a kan mobilet, fuska ba walwala, don shi mutum ne mai cika umarni. Ya same ta a gindin kaɗanya, mata sun kewaye ta, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, na yi magana da direban Ƙonni. Ya ce in kin shirya, akwai wuri a gaba."

Ni ina tsaye da tulu a ka, na kasa saukewa. Inna ta tsoma moɗa, ta kurɓa, ta miƙa wa wata mai goyo, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ƙonni?" in ji ta. "To in na tafi, wa zai kurɓa musu?"

Na sauke tulun na shige ɗaki da gudu, na kwance ƙullin nan da hannuna, ina kuka ina dariya, na watsa kayan ko'ina don kada ta sake tunani. Ranar na sha faɗa a kan zannuwanta da na yamutsa, kuma ban taɓa jin faɗa mai daɗi kamarsa ba.

Hanya kuwa ba ta koma inda take ba. Inda Inna ke zama ya zama wurin tsayawa. Na kawo tandata na fara suyar masa a gefenta, Poko ta baza gyaɗa da tumatir, wani ya kafa teburin shayi, wani ya zo da facin taya, tsohuwar mararraba ta cika da rumfuna. Amalanke da kekuna suka ci gaba da bi ta gonar Poko, don nan ƙasa ta riga ta daddale. Sai gari ya fara zuwa. 'Yan Zangonmu da suka ji labari suka biyo mu, Yaya ma ya tare. Waɗanda haya ta kora daga birni suka zo, kowa ya yi ɗan ɗakinsa na laka yana jiran rabon fili. Masu bulo suka haƙe bakin kwari, gonakin dawa suka zama gidaje, aka yi masallaci, aka yi coci, aka yi lakwal. Da ma'aikatan meri, wato hukumar gari, suka zo da abin awo suna ja wa tituna layi, suka tarar da kasuwa da masallaci zaune daram a inda layinsu zai bi, suka duba suka duba, suka bar titin ya bi sawun amalanke. Aka kawo wuta, aka kawo famfo, aka yi gada a kwari, daga ƙarshe aka zuba kwalta a kan kwanar yadda take. Yau in ka hau taksi daga birni ka ce a sauke ka Kanari, wato randa da Faransanci, ba direban da zai tambaye ka ina ne. Ba kuma wanda ya san dalili.

Inna ta ga wuta, ta ga famfo, kwalta ce ba ta gani ba. A nan ta rasu, a nan aka binne ta, kuma waɗanda suka raka ta, Mosawa sun fi Hausawa yawa. Randar na nan a gindin kaɗanya, an yi mata ɗauri da waya a wuya. Yanzu ni ke zama. Masu sha sun ragu, kowa na sayen ruwan leda mai sanyi ya tsotse ya yar a titi, sai dai magina da masu tura kaya da wanda aljihunsa ya bushe. Ba komai, ko mutum ɗaya ne moɗa ta yi ƙwal.

Ɗaya dai ba ta fashi. Poko ta tsufa, haƙora sun zube, 'ya'yanta sun gina shaguna a sauran gonar, firiji har biyu gare ta a gida. Amma kullum da hantsi sai ta ratso kwalta da sandarta, motoci na yi mata oda tana zaginsu, ta zauna a gefen tabarmata, ta fara da cewa har yau ba a biya ta gyaɗarta ba. In ce ta je ta tambayi masu jaki. In ɗebo ruwa in miƙa mata, da gangan, ba tare da na taɓa ba. Sai ta naɗe hannu ta kawar da kai.

"Kurɓa tukuna, 'yar Zango," in ji ta. "Uwarki ba ta taɓa mantawa ba."